Hannun da Ya Saki Fartanya: Tarihin Ciwon Karkarwa a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta da kaka, ko ya ratsa ta Minjibir ya nufi Gezawa, zai lura cewa da wuya idonsa ya sauka a kan saura. Gona na jingine da gona, gero da dawa da wake suna cuɗanye a kunya ɗaya, ga gawo da ɗorawa da tsamiya tsaitsaye a tsakani, kowace bishiya da mai ita. A ƙofar gidajen da ke warwatse cikin gonakin nan akan tarar da dattijo zaune bisa tabarma. Wani lokaci, idan ka ƙura masa ido, sai ka ga hannunsa ɗaya yana rawa a kan cinyarsa, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun. Ka gaishe shi, ya amsa da murya ƙasa-ƙasa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ka tambayi na kusa da shi, su ce maka tsufa ne.

Sau da yawa abin ya wuce tsufa. Likitoci suna kiransa cutar Parkinson, mu kuwa mukan ce ciwon karkarwa ko makyarkyata. Ba a warkewa daga gare shi, amma ana iya shafe shekaru goma ko ashirin tare da shi. Saboda haka babbar tambaya a kansa ita ce yadda waɗannan shekaru za su kasance: cikin mutane da mutunci, ko kuwa a ƙuryar ɗaki. Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya haɗa ƙasar noman Kano da ɗakunan binciken Turai da kuma kalmomin da muke fassara ciwo da su.

Ƙasar da aka gina da hannu

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, yalwar ƙasar da yawan jama'arta na cikin abubuwan da suka fi burge shi. Bayan fiye da ƙarni guda, a shekarun 1960, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki da ya kewaye birnin, ya nuna yadda ɗimbin jama'a suke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ƙasar ta mutu ba. Sirrin yana cikin taki da aiki. Jakuna suna shiga birni da itace, su komo da mangalar shara da toka. Ana ɗaure awaki da tumaki da damina, a tara kashinsu a kai gona. Harawar wake da ta gyaɗa ba ta zuba a banza. Kusan duk wannan da hannu ake yin sa: sungumi wajen shuka, fartanya wajen noma, garma wajen huɗa, lauje da magirbi da kaka.

Tsarin da ya riƙe wannan aiki shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da waɗanda suka yi aure, suna noma babbar gona tare. Uba ke riƙe da rumbu, shi ke ciyar da gida, a da shi ke biyan haraji, shi kuma ke yi wa yara aure. 'Ya'ya suna da gayaunarsu da suke nomawa a lokacin da aka ware musu. Idan aka dubi gandu ta fuskar mai rauni, za a ga wata hikima a cikinsa. Ƙarfin dattijo na iya ƙarewa, amma hukuncinsa yana nan: shi ke cewa yau za a yi shuka, shi ke cewa a buɗe rumbu ko a dakata. Hannu na rawa, matsayi bai girgiza ba.

Sai dai bai kamata mu ƙawata jiya fiye da kima ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, daga baya kuma a Ɗorayi kusa da Kano, ta nuna a littafinta na 1977 cewa tun a wancan lokaci akwai magidanta da yawa da gonarsu ba ta taka kara ta karya ba, wasu ma ba su da ita sam. Gandu ya fi ɗorewa a gidan mai wadata, domin ɗa ba ya zama ƙarƙashin uban da ba shi da abin ba shi. Rabon gado yana tsinka gona daga tsara zuwa tsara. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya amfanin da ke kawo wa manomi kuɗi tun isowar jirgin ƙasa Kano. Cin rani da ke ɗaukar watanni ya riƙa komawa zama na dindindin a birni. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutane sama da miliyan 9, ƙasar noma kuwa ba ta ƙaru ba. Dattijon da karkarwa ta kama a yau yakan samu kansa da guntun fegi, 'ya'ya suna Kano ko Legas ko Abuja, sai abin da suka aiko ta waya.

Ciwon da ya daɗe bai da suna

Rawar jiki tsohuwar aba ce a littattafan magani. Likitocin Indiya na dauri sun siffanta ta, Ibn Sina ma ya yi bayaninta a cikin al-Ƙanun da sunan ra'asha. Amma wanda ya fara tattara alamomin wuri guda ya ce cuta ɗaya ce shi ne James Parkinson, wani likitan unguwa a Landan, cikin wani ɗan littafi da ya buga a 1817. Mutane shida kacal ya siffanta, wasunsu ma a kan titi ya hange su. Ya lura da karkarwar da ke zuwa lokacin da gaɓa take hutawa, da sunkuyawar jiki, da tafiyar da ke komawa sassarfa kamar mutum na bin kansa da gudu. Ya kuma ɗauka cewa hankali da ji ba sa taɓuwa. Bayan kimanin shekara sittin, Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière da ke Faris ya ƙara da sandarewar gaɓoɓi da nawar motsi, ya nuna cewa ba kowane mai cutar ke karkarwa ba, sannan ya laƙaba mata sunan Parkinson. Ranar haihuwar Parkinson, 11 ga Afrilu, ita ce a yau ranar tunawa da cutar a duniya.

A ƙasar Hausa alamomin sun kasance a rarrabe, kowace da gidanta. Karkarwa ta tafi wajen tsufa ko sanyi. Sandarewar gefe ɗaya ta yi kama da shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da ke ihu yana kai naushi cikin barci, ko yake ganin mutanen da ba kowa ke ganinsu ba, an kai shi babin iskoki. Idan kuwa ciwon ya kama mai shekara arba'in da 'yan kai, manomi mai ƙarfi ko ɗan kasuwa mai tasowa, zance yakan karkata zuwa sammu ko jifa, a fara waige-waigen wanda ya yi. Kowace fassara da mai maganinta: wanzami da ƙahonsa, malami da rubutu da tofi, boka da turarensa. Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna a karkarar Malumfashi, ya bayyana a wata maƙala ta 1981 yadda mutane kan zagaya tsakanin masu magani iri-iri ba tare da sun damu da tantance asalin ciwon ba, muddin za a samu sauƙi.

Wannan ba gazawar Bahaushe kaɗai ba ce. Binciken gida-gida da aka yi a gundumar Hai ta Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2008, ya tarar mafi yawan masu cutar ba a taɓa gaya musu sunanta ba, da yawa kuma suna danganta ta da tsufa ko maita. Abin lura shi ne fassara tana da farashi. Wanda aka ce tsufa ke damunsa ba a kai shi asibiti. Wanda aka ce jifansa aka yi, gidansu na iya rabuwa biyu a kan zargi.

Asibitin da ya zo domin annoba

Aikin lafiya na zamanin Turawa an gina shi ne a kan cututtukan da ke kashe jama'a da yawa lokaci guda ko suke hana aiki: agana, sanƙarau, ciwon barci, kuturta. An buɗe asibitin birnin Kano, wanda ya zama Asibitin Murtala Muhammad, a ƙarshen shekarun 1920. A ƙauyuka kuwa sai ɗakunan sha-ka-tafi na En'e. A arewacin birni, cikin ƙasar Ungogo, aka kafa mazaunin masu kuturta na Yadakunya a shekarun 1930, sunan wurin kansa yana faɗin abin da ciwo mai bayyana a jiki ke jawo wa mai shi. Cutar da ke tafiya sannu a hankali cikin tsofaffi ba ta da gurbi a wannan tsari, musamman a ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 40 ba a 1960.

Daga nan aka samu wani zato da ya daɗe a littattafan likitanci, wai cutar Parkinson ba ta cika kama baƙar fata ba. Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa na Amurka suka gwada zaton. Sun bi gida-gida a Igbo-Ora ta ƙasar Yarbawa da kuma gundumar Copiah ta jihar Misisifi, suka wallafa sakamakon a 1988. Bayan daidaita bambancin shekaru, an samu kimanin mutum 67 cikin 100,000 a Igbo-Ora, a tsakanin baƙaƙen Copiah kuwa 341. Jama'a biyu masu tushe makusanci, amma tazarar ta kai ninki biyar. Wannan ya karkatar da hankali daga launin fata zuwa muhalli, da kuma tsawon lokacin da mai cutar ke rayuwa bayan ta kama shi. Inda babu magani, ba ya daɗewa har mai ƙidaya ya riske shi.

A Kano, kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988 ya samar da wurin da ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi za su zauna. A 2012 Lukman Owolabi da abokan aikinsa suka wallafa bayanin masu wannan larura da suka gani a asibitocin Kano, inda maza suka rinjayi mata da tazara mai yawa. A faɗin ƙasa kuma, Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ta jagoranci haɗa likitoci daga sassan Najeriya domin tattara bayanan marasa lafiya. Wannan aiki ne ya kai ga wani bincike na 2023 da ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda ke ƙara haɗarin cutar a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kuma da wuya a same shi a Turawa. Tsohon zaton ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar a duniya sun haura miliyan 8.5 a 2019, ninki biyu na yadda suke shekara 25 kafin nan.

An samu magani, saura hanya

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi da ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya tafi cikin sauƙi. A cutar Parkinson ƙwayoyin wannan yanki suna mutuwa a hankali, kuma kafin karkarwa ta bayyana an riga an yi asarar kaso mai yawa daga cikinsu. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ne ya nuna muhimmancin dofamin a ƙarshen shekarun 1950, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2000. A 1960 Oleh Hornykiewicz ya auna ƙarancinsa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar, a birnin Biyana. A 1967 George Cotzias ya nuna a New York cewa idan aka ba da lebodofa ta baki, ana ƙarawa sannu-sannu, mutanen da suka sandare suna miƙewa su yi tafiya. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 an haɗa shi da kabidofa domin rage tashin zuciya. Har yau wannan haɗi ne ginshiƙin magani, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Fiye da rabin ƙarni ke nan, amma tsakanin wannan ƙwaya da wani ƙauye a Kunci ko Makoɗa akwai tafiya. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da Okubadejo da abokanta suka wallafa a 2019 ya tarar maganin ya fi samuwa a shagunan 'yan kasuwa fiye da na asibitocin gwamnati, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Daga waje ake shigo da shi, don haka faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara nisanta shi. Ana shan sa sau uku ko fiye a rana, har ƙarshen rai. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, da kaka, yakan saya na wata guda, ya ga sauƙi, kuɗi su ƙare, jiki ya koma gidan jiya. Daina shan sa farat ɗaya kuwa yana da haɗari.

Abin da ke cike gurbin a kemis ɗin ƙauye shi ne benzhekzol, tsohon magani mai araha da aka fi sani da Artane ko Exol. Yana rage karkarwa, amma a jikin tsoho yana kawo ruɗewa da mantuwa da bushewar baki da taurin ciki da wahalar fitsari. Shi ne kuma wanda wasu matasa ke sha don maye, har hukumar NDLEA take kama shi. Akwai wani tarko na biyu. Idan aka ɗauki ruɗewar dattijo a matsayin taɓin hankali aka ba shi magunguna irin su Largactil ko Haldol, waɗanda ke toshe aikin dofamin, sai sandarewar ta ninka. Su kansu waɗannan magunguna suna iya haifar da alamomi masu kama da cutar ga wanda ba shi da ita.

Akwai abin mamaki a nan. Ƙarara, wadda muka sani da ƙaiƙayin kwasfarta a kurmi da bakin rafi, 'ya'yanta na ɗauke da lebodofa na halitta. Masana a Indiya sun tace shi daga cikinta tun 1937. Likitoci daga Italiya sun yi ƙananan gwaje-gwaje da garin soyayyun 'ya'yanta domin ƙasashen da ƙwaya ta yi tsada, suka ga tana aiki, amma ƙarfinta na bambanta daga iri zuwa iri, wasu kuma cikinsu ba ya ɗauka. Hanya ce da ta cancanci binciken jami'o'inmu da kwalejojin aikin gona irin ta Audu Bako da ke Dambatta. Ba abin da mutum zai auna wa mahaifinsa da cokali a gida ba ne.

Tankin feshi a bayan manomi

A tsohon tsarin noman Kano ciyawa dukiya ce, ana cire ta da hannu a kai wa dabbobi. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko, madatsun ruwan da aka gina tun daga zamanin Gwamna Audu Bako, irin su Tomas da Gari da Watari, sun faɗaɗa noman rani na shinkafa da kayan lambu. Na biyu, ƙodago ya yi tsada, gayya ta ja baya, sannan daga shekarun 2000 magungunan kashe ciyawa masu araha daga Asiya suka cika kasuwannin ƙauye. Yau saurayi mai tankin feshi a baya, ba safar hannu ba abin rufe hanci, sananne ne a kowace gona.

Alaƙar wannan da batunmu ta faro ne daga wani hatsari. A 1982 wasu matasa 'yan ƙwaya a Kalifoniya suka sandare cikin 'yan kwanaki bayan sun yi allurar wani gurɓataccen sinadari. Likita William Langston ya gano cewa sinadarin ya kashe ainihin ƙwayoyin da ke mutuwa a cutar Parkinson, kuma abin da yake rikiɗewa ya zama a jiki yana kama da parakwat, maganin ciyawar da manoma suka sani da Gramoxone. Wani bincike a tsakanin manoman Amurka da aka wallafa a 2011 ya samu cewa waɗanda suka yi amfani da parakwat sun fi sauran kamuwa da kimanin ninki biyu da rabi. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa a cikin jama'a, ba ya yanke hukunci a kan abin da ya sa wa mutum guda ciwo, kuma kamfanonin da ke yin maganin suna musanta zargin. Duk da haka Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, Faransa ta amince da cutar a matsayin larurar sana'ar noma a 2012, a Najeriya kuma hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024. Tun da cutar kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta bayyana, lissafin feshin da aka yi jiya yana iya zuwa ne a tsufan samarin yau.

Abin da ya fi karkarwa nauyi

Tsawon lokaci likitoci suna auna nasarar magani da abin da ido ke gani: rawar hannu, saurin tafiya. A 1995 masu bincike a Jami'ar Oxford suka fito da wani ma'auni mai tambayoyi 39 da ake yi wa marar lafiyar kansa, game da zirga-zirga, hidimar yau da kullum, halin zuciya, tsangwama, goyon bayan dangi, tunani, magana da ciwon jiki. Da aka fara amfani da irin wannan ma'auni, sai sakamakon ya saɓa wa tsammani. Wani bincike da Anette Schrag da abokanta suka wallafa a 2000 ya nuna cewa abin da ya fi komai rage wa mai cutar daɗin rayuwa shi ne ciwon damuwa. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu cutar yana fama da shi. Kuma ba baƙin cikin samun ciwo kaɗai ne ba. Cutar tana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu daidaita farin ciki da himma, har damuwa da fargaba kan riga karkarwa zuwa da shekaru, tare da taurin ciki da dusashewar jin ƙamshi. A wannan gaɓa James Parkinson ya yi kuskure.

Wannan binciken bai kamata ya zame wa Bahaushe baƙo ba. Lewis Wall, a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, ya nuna cewa kalmar lafiya a wurinmu ta zarce jiki, ta haɗa da daidaituwar mutum da gidansa da garinsa. Idan aka ɗauki wancan ma'auni aka shimfiɗa shi a wani ƙauyen Bichi ko Gabasawa, ga inda ciwon ke cizo. Maza suna cin tuwo a kwano ɗaya a ƙofar gida. Wanda hannunsa ke watsa miya, yawu na zubo masa, da kansa zai janye ya koma ci shi kaɗai. Buta na kufcewa wajen alwala. A sahu, jama'a sun ɗago daga sujada shi bai gama sunkuyawa ba, sai ya fara sallah a gida, ko da yake malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa marar lafiya na yin ta a zaune. A majalisa muryarsa ta yi ƙasa, kafin ya haɗa jimla an wuce zancen. Fuskarsa ta daskare, jikoki suna zaton fushi yake yi, matarsa na zaton ya daina kula ta. A haka mutumin da ake kawo wa ƙara da shawara zai koma wanda ake leƙawa a gaishe.

Halin mata ya fi ɓoyuwa. A duniya ma cutar ta fi kama maza, amma tazarar da ake gani a asibiti tana da nasaba da wanda ake kashe wa kuɗin mota. Matar karkara tana riƙe da kanta ne da sana'ar cikin gida: fura, ƙuli-ƙuli, ƙosai, ɗinkin hula. Da ita take zubin adashi, take kai gudummawar biki, take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Karkarwa na tsayar da sana'ar, zumuncin da aka gina a kanta ya yi rauni. Tsohuwar da ke magana da waɗanda ba a gani kuwa, a wasu wurare ba ta tsira daga zargin maita. Su kuma masu jinya, galibi mata ne da 'ya'ya mata da surukai, suna ɗauke da gajiyar da ba mai tambayarsu labarinta.

Haƙuri da kunya, waɗanda muke alfahari da su, suna da fuska biyu a nan. Tawakkali na ba marar lafiya ƙarfin zuciyar da magani ba ya bayarwa. Amma dattijon da aka tambaya jiki ya ce da sauƙi, alhali ya kwana yana fatan mutuwa, ya rufe ƙofar da taimako zai shigo. Damuwa irin wannan ciwo ce mai magani, kuma faɗin ta ba raunin imani ba ne.

Abin da ke hannunmu

A kan takarda an samu ci gaba. Akwai Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, akwai dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, akwai kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Gwajin waɗannan dokoki mai sauƙi ne: shin ana samun lebodofa a babban asibitin Dambatta ko na Bichi, kowane wata, a farashin da manomi zai iya? Shin jami'in lafiya na matakin farko ya san ya bambance karkarwar hutu da ta tsufa, ya kuma tambayi marar lafiya halin zuciyarsa? Gano cutar ba ya buƙatar na'ura mai tsada, ido ne da tambaya da horo.

Saura kuma namu ne, mu da muka bar ƙauye muke aiko da kuɗi. Idan hannun Baba ko na Inna ya fara rawa yana ajiye, tafiya ta koma jan ƙafa, a kai su ga likita, a ambaci sunan cutar a tambaya. Idan an rubuta magani, a mai da shi cikin lissafin wata kamar kuɗin makaranta. A riƙa ba da shi kimanin rabin sa'a kafin abinci, domin nama da wake da nono suna rage shigarsa jiki, a kuma nemi shawarar likita kafin azumi. Kada a ƙwace musu aiki da sunan tausayi, domin motsa jiki na daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna taimakawa. Masu gashin ƙashi sun gano cewa ƙafar da ta kafe takan saki idan aka ba ta amo mai tsari ta bi, tafi ko ƙirga ko kiɗa, abin da masu gangar noma suka daɗe da sani game da jikin da ya gaji.

Abin da gandu ya tanadar wa tsoho a da shi ne ana buƙatarsa ko bayan ƙarfinsa ya ƙare. Gandun ya tafi a gidaje da yawa, amma wannan ɓangare nasa ana iya riƙe shi ko daga nesa. In damina ta ƙarato, ka kira shi ka tambaye shi wane iri za a shuka a fegin bayan gida, ka kuma jira har ya gama ba ka amsa.